Ƙullin Bayan Ƙeya

Shekara ashirin da shida Hannun Auduga yana riƙe da kawunan manyan layinsu, yana juya su dama da hagu yadda ya ga dama, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa ganin abin da yake yi masa a bayan wuya. Mutum na iya leƙa tafin ƙafarsa, yana iya murɗa hannu ya duba gwiwarsa, amma Allah bai ba kowa ikon ganin ƙeyarsa ba. A wannan ɗan wurin mai askin ya ajiye sirrinsa.

Shagon yana ƙasan wani bene mai hawa uku, kusa da kyamis. Kujera ɗaya ce, ja, mai feda, idan aka taka ta sai ta yi ƙara kamar an take wa kyanwa wutsiya. Madubi ɗaya a gaba, benci a jikin bangon gefe, fanka a sama tana kaɗa kai kamar mai musun magana. Sai shuɗin ƙyallen da ake yafa wa mai aski, da igiyoyinsa biyu. Sunan Hannun Auduga kuwa kwastomomi suka raɗa masa, don yakan ɗora reza a maƙogwaron mutum, mutumin ya yi gyangyaɗi. Suna kuma yabon yadda yake ɗaura ƙyallen: ba ya shaƙe wuya, ba ya zamewa, idan an gama ya taɓa shi sau ɗaya ya zube.

“Sirrin sana'a ne,” in ji shi, yana karkaɗe gashi.

Ba sirrin sana'a ba ne. Ƙullin kwale-kwale ne.

A bakin ruwa aka haife shi, can ƙasa inda kwatocin gari suke ƙarewa. Mutanen tudu suna kiran mazauna wurin Jiƙau, wai ƙafarsu ba ta taɓa bushewa. Ubansa fito yake yi da kwale-kwale, kuma tun bai iya ɗaura tazugen wandonsa ba ya iya ɗaure jirgi a turke. Ƙullin yana da kunne biyu da wutsiya biyu, doguwa da gajera. Ka ja doguwar, ya ƙara tamkewa. Ka ja gajerar, komai ya warware lokaci guda, domin ranar da ruwa ya taso ba a tsayawa lalube. Ɗan tudu, in ka ba shi wannan ƙulli sau goma, sau goma doguwar zai ja, ita ce ke tsone masa ido.

A makaranta bencin baya aka ba su, shi da yayansa, tare da wani kofin gwangwani da aka ɗaura wa jan zare don kada a yi kuskure. A kamanni ba abin da ya raba su da sauran yara, sai in sun buɗe baki: mutanen ruwa suna jan ƙarshen magana, kamar kullum suna kiran wani da ke tsallake. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya hau tudu da almakashi a aljihu. Mai askin farko da ya roƙa aiki ya saurari gaisuwarsa kawai, ya ce, “Ka je, za a neme ka,” sannan ya sa aka yayyafa ruwa a inda ya tsaya. Yana kallo.

To, shi ba mai kuka ba ne. Shekara guda ya yi yana dako a kasuwa da rana, da yamma ya rungume rediyo yana bin bakin mai karanta labarai, har ya datse wa kowace kalma jelarta. Ya ƙirƙiro wa kansa wani gari mai nisa wanda mota ba ta zuwa. Sannan ya zauna ya kashe danginsa kaf da baki: uwa da zazzaɓi, uba da faɗowa daga kan doki, yayansa kuma, saboda haushin wani tsohon faɗa, ya ba shi cizon maciji. Duk wanda ya ji tarihin sai ya ce Allah sarki, maraya. Alhali sau biyu a shekara marayan yakan sa baƙin tabarau da hula har gira, ya gangara ya ci abincin uwarsa, ya dawo ta bayan kasuwa yana goge laka daga takalmi. Ranar da ta rasu da gaske, a sahun baya ya tsaya da tabaran nan, kamar baƙon da ya biyo hanya. Bai sake gangarawa ba.

Komai ya zubar, ban da ƙullin. Ya ce wa kansa ai sauƙin aiki ne. Ƙarya yake yi. Sau ashirin a rana, na ɗan daƙiƙa biyu, yatsunsa suna komawa gida su dawo, a bayan ƙeyar mutanen da ba za su sha ruwa a kofinsa ba, kuma abin yana yi masa wani irin daɗi mai kama da sata.

Sai kuma ya zama babu kamarsa a layin wajen ba da labaran Jiƙau. Ya gano tun da wuri cewa ba a binciken mai ba da dariya, wanda ake yi wa dariyar ake kallo. Yakan tsaya da kilifa a hannu, ya karkace baki, ya ja murya, benci ya kife da dariya. “Wallahi Auduga, kamar a cikinsu ka tashi!” Shi ma ya yi dariya har da hawaye. Ba wanda ya san labaran duk na kawunsa ne, kuma da gaske sun faru. Ba wanda ya san muryar da yake kwaikwayo ta uwarsa ce, kuma ba shi da wata hanyar jin ta sai wannan.

Babban mai jin daɗin labaran shi ne mai ginin, wanda kowa ke kira Mai Bene. Dattijo ne dogo, mai farin gashi da sandar ado, kuma abin alfaharinsa a duniya, bayan benen, shi ne hancinsa. “Ni ko wanka bakwai Bajiƙe ya yi, ko turaren wace ƙasa ya shafa, daga ƙofa nake jin ƙarnin,” haka yake cewa. A takardar hayar kowa ya sa an rubuta cewa ba a ba ɗan ruwa ɗaki, ba a ɗaukarsa aiki, a shagon aski kuma ba a ɗora masa kilifa. Duk safiyar Alhamis yakan shigo, ba ya zaman benci, kai tsaye kan jar kujera, ya lumshe ido, ya ja numfashi mai tsawo.

“Alhamdu lillahi. A shagonka kaɗai nake shaƙar iska mai tsabta.”

“Allah ya ƙara wa hancin nan lafiya, ranka ya daɗe,” in ji Auduga, yana ɗaure masa wuya kamar jirgi.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya luwai, ya yi aure, ya yi tumbi, 'yarsa ɗaya ta girma har ta fara aiki a wani ɗakin hoto. Sai wata safiya ya fito shara, ya ga an kafa ɗan tebur a gindin turken lantarki da ke tsallaken titi. Mai gyaran takalma ne, da guduma da zare da gwangwanin gam. Mutumin ya ɗago. Tsintsiya ta faɗi daga hannun Auduga. Wanda maciji ya sara shekara ashirin da shida da suka wuce ne zaune, garau, har ya yi furfura.

Yayan bai gaishe shi ba. Bai nuna ya san shi ba ko da ƙiftawar ido. Abu ɗaya kawai yake yi: kowace safiya, idan Auduga ya sunkuya da tsintsiya, sai ya ji daga tsallake, a hankali, cikin maƙogwaro, “Ƙwarrr.” Sunansa na yarinta Kwaɗo, saboda yadda yake iyo. Ya ɗago a fusace, ya tarar yayan ya duƙufa kan dunduniyar wani takalmi kamar waliyyi. Wata bakwai ana wannan. Auduga ya rame. Ya rasa me mutumin ke so. Tona asiri? Da ya tona tuni. Taimako? Bai taɓa miƙo hannu ba. Sai a hankali ya lura cewa duk lokacin da ya juya, ko da tsakar rana, idon yayan na kansa, irin kallon da mutum ke yi wa gidan da ya taɓa zama a ciki.

Mai Bene kuwa tun ranar farko hancinsa ya yi aiki, tunda mai gyaran takalman bai ɓoye muryarsa ba. Titi ba nasa ba ne, don haka ya sa aka buga takardar koke zuwa ga hukuma, wai teburin yana jawo ƙuda da ɓarayi. Duk 'yan haya suka sa hannu. Mai Bene ya bar layin farko fanko.

“Naka ne, Auduga. Kai ne daɗaɗɗe a ginin nan, kuma ka fi kowa sanin halinsu.”

“Ranka ya daɗe, wannan biron ba ya rubutu.”

“Ga nawa.”

“Af, na bar tabarau a gida. Ni ban iya sa hannu a abin da ban karanta ba, tarbiyyar marigayi ce.”

“Ba gaggawa. Alhamis mai zuwa ai za mu sabunta takardar shagonka. Sai ka sa hannu a biyun gaba ɗaya.” Ya yi murmushi, ya buga sanda a ƙasa. Ba barazana a muryarsa ko kaɗan. Bai ma san ya yi ta ba.

Ran Asabar da safe Auduga ya zauna a tsakar gida ya tasa shayi a gaba har ya huce. Matarsa, wadda malamar firamare ce kuma haka yake kiranta, tana shanya.

“Malama, wani abokina ne yake cikin matsala.”

“Allah sarki. Wanne daga ciki?”

“Ba ki san shi ba. To shi… a ce mutum ya yi shekaru yana cewa shi ɗan wani wuri ne, alhali…”

“Alhali ɗan bakin ruwa ne. Miƙo min wancan zanin.”

Ya miƙa mata. Sannan ya zuba mata ido.

“Tun yaushe?”

“Satin farko. Ka ɗaura min wannan igiyar shanyar, na zo kwancewa, na yi ta ja har tafina ya yi kanta. Gwaggona ta zo ta gani, ta kama baki, ta ce, 'yar nan, me kika auro mana?' Na ce ta rufa min asiri, na ba ta turmin zani.” Ta yarfe riga, ta rataya. “Kuma kana barci kana jan magana kamar mai kiran fito. Yaaa-yaaa, kawo igiyaaa.”

“Shekara ashirin da uku! Ba ki ce komai ba!”

“To ka dage ƙwarai, Baban Yarinya. Ga doki, ga maciji. Na ga wahalar da ka sha wajen haɗa abin, sai na ji tausayin ɓata maka.” Ta fashe da dariya har ta dafa bango, shi ma ta ƙwace masa, suka yi ta yi kamar waɗanda suka sha wani abu. Da ta lafa, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce a hankali, “Ni ma dai shirun ya yi min amfani. Da babana ya sani, da ba a kai ga shanya ba. Kada ka ɗauka alheri zalla na yi maka.”

“To yanzu ya zan yi?”

“Ni dai ban taɓa cin abincin da ba na shagon nan ba. Kuma ban taɓa samun miji mai yaya ba. Ka zaɓa, ni shanya nake yi.”

Bai zaɓa ba. Ya dai yi ta addu'ar Allah ya saukar wa Mai Bene da mura mai nauyi.

Ran Talata ya je wasa almakashi, ya dawo ya tarar da taro a ƙofar shago. 'Yarsa ce tsaye da kafinta, sun riga sun ɗaure wani ƙaton madubi a bangon baya, daidai saitin na gaba, da kusoshi shida.

“Baba, kyauta ce! Duk shagunan zamani haka suke. Yanzu kowa zai riƙa ganin ƙeyarsa.”

Jama'a suka yi ta sa albarka, Allah ya ba mu 'ya irin wannan. Auduga ya yi dariyar da ta fi kama da ciwon haƙori. Ya dubi yarinyar, ta dube shi da idanu farare tas. Sai a lokacin ya tuna cewa 'yan watannin nan takalmanta ba sa rabo da tsinkewa, duk mako sai ta tsallaka titi, kuma takan daɗe.  Ba a cire kyautar 'ya a gaban mutane.

Ranar Laraba ya rufe shago da wuri, wai gyaran wuta, ya tsuguna yana koyon ɗaurin 'yan tudu a ƙafar kujera. Wani irin dunƙulallen ƙulli ne marar kunya, sai an sa farce, wani lokacin har da haƙori. Ya yi sau ɗari. Ya yi wa yatsunsa nasiha ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wa babban yatsa gargaɗi na musamman.

Alhamis ta zo, mura ba ta zo ba. Mai Kyamis na kan benci da jarida, ga Tsohon Direba, wanda ba ya da gashin da za a aske amma ba ya fashin zuwa. Mai Bene ya shigo da takardu biyu a hannu, ya tsaya ya yaba madubin, ya duba kansa ta gaba ya duba ta baya, ya ce ashe haka yake da kwarjini ta kowane ɓangare. Ya hau kujera, ya ɗora takardun a cinya.

“Kafin mu sa hannu, Auduga, ba mu labarin motar nan. Don mutanen su tuna dalilin da ya sa muke wannan aiki.”

Auduga ya warware shuɗin ƙyalle, ya yafa masa, ya kama igiyoyin biyu. A ransa yana cewa, dama kan hagu, dama kan hagu. Bakinsa kuma ya kama aiki.

“Wato wani Bajiƙe ne ya hau tudu karon farko, ya shiga motar haya. Da aka iso ya sauka, sai ya zaro igiya daga ƙugu, ya zagaya gaba, ya ɗaure motar a jikin turken lantarki. Direba ya ce, kai lafiya? Ya ce, yallaɓaaai, haka za ka bar taaa? In ruwa ya tasooo, wa zai kamo maka itaaa?”

Benci ya kife. Tsohon Direba ya buga cinya. A zuci Auduga ya ga kawunsa tsaye a titi da igiya a hannu, da gaskiyarsa, yana mamakin sakacin mutanen tudu, ya ji muryar gida ta cika masa baki, ya yi dariya shi ma, ya ɗauki kilifa ya kunna, ya share gefen dama tas.

Sai ya lura Mai Bene bai yi dariya ba.

Dattijon ya kafe ido a madubin gaba, wanda ke nuna madubin baya, wanda ke nuna ƙeyarsa. Auduga ya bi kallon. Ga shi nan zaune daram a kan farin wuyan riga: kunne biyu, doguwar wutsiya, gajerar wutsiya. Yatsun sun saurari nasihar jiya da ladabi, sannan suka yi abin da ubansu ya koya musu.

Daidai nan aka ɗauke wuta. Kilifa ta mutu a hannu, fanka ta tsaya da musunta. Shagon ya yi tsit, zafi ya sauko. Auduga ya ji shekara ashirin da shida suna tattara kayansu. Ya ga jijiyar wuyan Mai Bene ta tashi, gumi ya keto masa, bakinsa na buɗewa yana rufewa kamar wanda ƙyallen ke shaƙewa. Hannun dattijon ya tashi da kansa, ya zagaya baya. Bai laluba ba. Ya wuce doguwar wutsiya kamar bai gan ta ba, ya kama gajerar da yatsu biyu, ya fizga sau ɗaya.

Ƙyalle ya zube a cinyarsa, a kan takardun.

Suka dubi juna ta cikin madubi. Da yake madubi biyu ne suna kallon juna, ba mutum biyu ba ne, layi ne guda na masu bene da masu aski har iyakar gani, kowane mai bene da rabin kai a aske, kowanne da baki buɗe.

“Kai!” in ji Tsohon Direba. “Ranka ya daɗe, ya aka yi ka kwance shi? Ni na taɓa gwadawa, saura kaɗan in rataye kaina a kujerar nan.”

“Mai rainona ce,” in ji Mai Bene da sauri. “Wata mata ce da ta yi mana aiki. Tun ina ƙarami. Ita ce take… mai raino ce kawai.”

Ba wanda ya tambaye shi wace ce. Auduga ya tuna falon dattijon a hawa na uku, inda yake zuwa yi masa aski in ba ya jin daɗi: hoton uba, hoton kaka, hoton baffa da lambobin yabo. Bai taɓa ganin hoton mace ba. Wataƙila mai raino ce da gaske. Bai tambaya ba a ranar, bai kuma taɓa tambaya ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ya mayar da ƙyallen, ya yi shiru, kowa ya riƙe wutsiyar ɗan'uwansa har kabari. Ya ma fara ɗaga shi. Amma ya sake duban layin dattawan nan na cikin madubi, mutum mai hawa uku da sandar ado, yana rawar ɗari saboda 'yar igiya, sai ya ga inda hanyarsa ta nufa. Kada dai a yi saurin rataya masa lambar jarumta: sai da ya ji wutsiyar maigida a hannunsa sannan zuciyar ta zo. Amma ta zo, kuma da dariya ta zo. Ta taso masa tun daga tumbi, ya toshe baki ta fito ta hanci, ya dafa kujera ta yi kukan kyanwa, abin ya ƙara tunzura shi. Ya tafi ƙofa yana tangaɗi, ya riƙe ƙyaure, ya buɗe maƙogwaro yadda ake yi idan jirgi na tsallake.

“Yaaa-yaaa!”

Layi ya tsaya cak. Mai gyaran takalma ya ajiye guduma, ya cire ƙusa daga baki, ya duba hagu ya duba dama kamar akwai wani yayan a kusa.

“Kwaɗooo? Sai yauuu?”

“Taso in rage maka wannan dajin, kana ba ni kunyaaa!”

Mai Kyamis ya sauke jarida. “Auduga, wannan wane sabon labari ne? Ban san shi ba.”

“Tsoho ne. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.”

“Ba shi maciji ya sara ba?” in ji Tsohon Direba.

“Ya warke.”

Yayan ya tsallako a hankali, yana goge hannu a gaban riga, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, don ya san doka. Duk ido ya koma kan Mai Bene. Shi kuwa yana zaune da rabin kai fari rabin kai fes, ba halin fita titi, ba halin zama. Auduga ya ɗauki almakashi da reza, ya sunkuya daidai kunnensa, da muryar rediyo.

“Ranka ya daɗe, a ƙarasa da hannu? Wutar ba ta da rana.”

“Ƙarasa,” in ji dattijon ta tsakanin haƙora.

“Takardun fa?”

Mai Bene ya zaro ta shagon, ya rattaba hannu ba tare da ya duba ba. Ta koken kuma ya ninke ta biyu, ya ninke huɗu, ya tura aljihu. Sannan ya ɗaga murya don benci ya ji: “Akwai kurakuran bugu a ciki. Batun wannan shago kuma, da abin da aka yi yau a gabana, zan yi tunani a kai. Kowa ya sani, zan yi tunani!”

Da aka gama ya fita da sandarsa, ya raɓa ta gefen mai gyaran takalma ba tare da ya dube shi ba. Yayan ya shigo, ya hau jar kujera a ɗarare, ya shafa hannunta. Auduga ya yafa masa shuɗin ƙyalle, ya ɗaura. Yayan ya karkata kai ya daɗe yana nazarin madubin baya.

“Kunnen hagu ya fi na dama,” ya ce. “Da Baba na nan da ka sha mari.”

Ba a tashi lafiya ƙalau ba. Mai Kyamis ya fara zuwa da kilifarsa a leda, daga baya ya daina zuwa, yanzu in sun haɗu sai ya ɗaga hannu daga nesa. Kusan rabin manyan layin sun gano cewa wani shago a gaba ya fi kusa da gidajensu. Gwaggon Malama ta aiko a faɗa cewa ita dama ta faɗa. Dokar nan tana nan a takardar kowane ɗan haya, ba a goge ko harafi ba, kuma har yau ba ɗan ruwa ko ɗaya da ke da ɗaki a benen. Sai dai benci bai bushe ba: masu dako da masu wanki daga ƙasa sun ji labari, suna hawowa ran Asabar da 'ya'yansu, Tsohon Direba na tsakiyarsu yana koyon jan magana, yana yi ba daidai ba. Labaran kawu ma ba a daina ba, sai dai yanzu yayan ne ke leƙowa daga tsallake yana gyara inda aka yi ƙari.

Shekara uku ke nan Mai Bene yana tunani. Yana zuwa duk Alhamis, amma da sassafe, kafin kowa. Ya daina maganar hancinsa a shagon, ko da yake an ce a waje yana yi. Yakan hau kujera, a ɗaura masa ƙyalle, ya runtse ido don kada ya ga madubin baya. Idan an gama sai ya dunƙule hannayensa biyu a cinya, ya matse su gam, ya jira mai aski ya ja gajerar.